Kofur Dodo Ya Koya Wa Ruwa Fareti

Duk wanda ya taɓa zama a gindin mangwaron da ke bakin hanyar unguwar Rikoto a Zuru ya san Kofur Dodo, ko yana so ko ba ya so. Shi ne gajeren dattijon nan mai koɗaɗɗiyar hular soja, wanda ya gina gada a Laberiya da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da bindiga. Haka dai yake faɗa. Waɗanda suka yi bariki da shi kuwa sun rantse iyakar abin da suka ga ya gina shi ne murhu, don ta kicin ɗin hafsoshi ya shiga soja, ta nan kuma ya fita. Amma wa yake da ƙarfin musu da Kofur? Ka faɗi ɗaya ya faɗi goma, ya kafa maka shaida da wani janar da ya daɗe a ƙasa, wanda ba zai tashi ya ƙaryata shi ba.

Abin da ya fi cika baki da shi ma ba yaƙin ba ne, golmo ne, wato noman da saurayi kan yi wa surukansa shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Sai ya bugi ƙirji ya ce, "Ni Dodo ban taɓa duƙa wa mace ba. Ranar da aka ce in ɗauki garma in bi 'yan golmo, ranar na hau mota na tafi ɗaukar soja. Matata, Allah ya ba ta hutawa, kaki ta gani ta biyo ni da ƙafarta."

To ga shi yanzu matar ta rasu, 'ya'ya sun watse birane, gida ya yi masa faɗi. Kaɗaici ya ishe shi, wannan kam ba ƙarya a ciki. Sai zuciyarsa ta faɗa kan Saloma, wadda ake kira Maman Divine, ita ma mijinta ya rasu. Daddawa take yi, irin wadda ake aiko saya tun daga Dirin Daji, kuma da ita take riƙe da kanta da gidanta. Kofur ya kai maganar aure, ta ce za ta duba. Ya sake kaiwa, ta ce tana nan tana dubawa. Dubawar nan ta ci damina ta shiga rani, Kofur har ya fara ramewa.

A rafin da ke ƙasan unguwa Saloma take wanke kalwarta. Ruwan daga cikin gari yake gangarowa. Ya biyo ta bayan mahauta, ya gaisa da 'yan wankin babura da kanikawa, ya kwashi abin da kwatocin gidaje suka ba shi, sannan ya shige wata fadama da ta cika da kacalla da kainuwa da bado. A ciki yake ta 'yan kwane-kwanensa, ba ya sauri, har ya fito a wani gurbi mai falalen dutse, garau, kana hango tsakuwar ƙasa. Nan mata suke wankin kalwa, can ƙasa kaɗan kuma Mode makiyayi yake shayar da shanunsa. Ba wanda ya taɓa tambayar yadda ruwa yake shiga da dauɗa ya fito da tsarki. Yana fitowa dai, shi ke nan.

Wata rana Kofur yana tsaye a kan dutsen, hannu a baya, wai yana duba tsaron wurin, ganyen kacalla ya yanki Saloma a ƙafa.

"Wash! Wannan kacalla ita za ta ƙarasa ni wata rana," in ji ta.

Magana ce irin wadda mace kan faɗa ta mance kafin ta kai gida. Kofur kuwa ya ɗauke ta a matsayin oda daga sama. Ya dubi fadamar ya girgiza kai. Ga ciyawa ta tsaya yadda ta ga dama, ga ruwa yana yawo a cikinta, ya yi hagu, ya yi dama, ya tsaya yana hamma.

"Maman Divine, kin san ciwon ruwan nan? Rashin horo. Ba a taɓa sa shi a layi ba. Akwai wani tafki a gidan hafsoshi, shuɗi shar, ko ganye ɗaya babu. Ni na tsara shi. Ki ba ni 'yan kwanaki ki ga aiki."

"Kofur, ka dai miƙo mini kwandon can," ta ce.

Da Saloma ta tafi Dirin Daji sarin kalwa, sai Kofur ya kira gayya. Ya tara tsofaffin sojoji, masu ciwon gwiwa da masu ciwon baya, ya yi musu alkawarin farfesun kai. Sun san hannunsa a farfesu, don haka ba wanda ya makara. Ya jera su a bakin fadama da adduna, ya yi musu jawabin da ya fi aikin tsawo, ya ce shi zai shiga gaba kamar yadda ya saba a fagen fama. Taku na farko laka ta kama shi zuwa gwiwa. Taku na biyu ta kai ƙugu. Da aka jawo shi, takalmin soja ɗaya ya zaɓi zama a ciki, matsattsaku kuma sun yi masa layi a ƙwauri, su kam da horonsu.

Mode yana daga tudu, ya rataya sanda a kafaɗa yana kallo.

"Soja, mi kaka nema cikin laka da tsakar rana?"

"Ofareshin ne, Mode. Matsa da shanunka, nan filin daga ne."

"Da wa aka faɗan?"

"Da ƙazanta."

"To ai na ga ita ta ci zagaye na hwarko. Wanga haki mi yay yi maka? Ruwa na tahiya abinshi, shanu na sha, mata na wanki."

"Kai da saniya kake shawara, ni da injiniyoyi na zauna."

"Awo. Su injiniyoyin da takalmi guda suka tahiya?"

Kofur bai kula shi ba. Aka sare kacalla, aka tumɓuke saiwa, aka kwashe kainuwa da bado aka tara a gaɓa. Tarin ya ruɓe ya fara wari, sai Kofur ya ce a cinna masa wuta. Ɗanyen ya ƙi ci, ya turnuƙe unguwa da hayaƙi. Busasshen kuma ya ci fiye da yadda aka roƙe shi, ya haura ya lashe zanan Kulu mai tuwo, aminiyar Saloma, ya bar makewayinta a fili kowa yana gani. Kulu ta fito da muciya a hannu.

"Kofur! Yaƙin Laberiya ne ya biyo ka har bayan ɗakina?"

"Kulu, kowane babban aiki da 'yar asararsa."

"To asarar ta san gidanka, mi ya kawo ta nawa?"

Ya yi mata alkawarin katangar bulo, irin wadda ya gina wa wani janar. Ta ce ya fara kawo zana, janar ɗin ya riƙe bulonsa.

Saura babban aikin. Kofur ya ɗaure igiya daga bakin kwatar gari har falalen dutse, ya sa aka haƙa lambatu miƙaƙƙe sak, aka toshe duk wani lungu da ruwa yake laɓewa. Da aka fasa bakin, ruwa ya taho a guje. Kofur ya bi shi a gefe da takalmi ɗaya da silifa ɗaya, yana kirari yana ba da oda.

"Lef, rai! Lef, rai! Kun gani? Ko ruwa ya san muryar manya!"

Ruwa kuwa ya yi biyayya, ba a ce bai yi ba. Duk abin da gari ya ba shi, haka yake kawo shi gurbin ba tare da ya tsaya ko'ina ba. Da hantsi ya zo ja, mahauta sun yi yanka. Da rana ya zo baƙi yana walƙiya, kanikawa sun juye mai. Da la'asar ya zo da farin kumfa, matan gari sun gama wanki. Kofur yana da amsar kowanne. Jan, ƙasar wurin ce mai albarka. Baƙin, alama ce akwai man fetur a ƙarƙashin Zuru, shi ya daɗe yana zargin haka. Kumfan kuwa, ai ruwan ne yake wanke kansa da kansa.

Shanun Mode ba su halarci wannan bayani ba. Suka sunkuya, suka shinshina, suka ɗaga kai suka dubi Kofur, suka juya.

"Soja, ka ga an ƙi gaisawa da ruwanka."

"Ƙauyanci ne. Ba su saba da ruwan zamani ba."

Saloma ta dawo da buhunan kalwa, ta dafa ta surfa, ta sauko rafi da sassafe tun gari bai tashi ba. Ta tsaya ta ga fadama an yi mata ƙwal-kwabo. Ruwan dai a lokacin da ɗan haskensa, don ba a fara yanka ba, ba a fara wanki ba. Kofur yana tsaye ya ƙame, yana jiran yabo.

"Kofur, ina ciyawar?"

"Ta yi saranda."

Kalwa ba ta jira, don haka ta nitsa kwandunanta a gurbin ta danne da dutse yadda ta saba, ta koma gida ta hura wutar dahuwa ta biyu. Tana ba da baya gari ya farka. Kofur ya hango ja yana tahowa a lambatunsa, a layi, ba ya ko waiwaye, baƙi yana biye da shi. Ya daka masa tsawa ya tsaya. Ina! Ai shi ya koya masa tafiya.

Mai hankali zai tsame kwandunan. Kofur kuwa ya tuna tafkin hafsoshi shuɗi ne, ya ruga shago ya kwaso duk bular wanki da ke ciki, ya zazzage a gurbin ya dama da sanda. Ja da baƙi da shuɗi suka haɗu suka ba da wani launi da ba shi da suna. Agwagin maƙwabta da suka shiga farare suka fito kamar an rina su don biki. Sai a lokacin ya tsamo kalwar, ya ɗauraye ta sama-sama da ruwan jarka, ya jera a kan dutse.

"Me ya sami kalwata ta yi wannan duhu?" in ji Saloma da ta dawo.

"Irin Dirin Daji ke nan na bana. Taki ya yi musu yawa."

Ta dube shi, ta dubi agwagin, ta ɗauki kayanta. Kalwar sari guda ce, ba ta da wata. Ta dafa, ta rufe ta ruɓa, ta kirɓa ta shanya, tana fatan ƙarfin daddawa zai danne ko mene ne.

Shi kuwa Kofur ya sa ranar buɗe aiki. Ya kafa allo da fenti, TAFKIN KOFUR DODO. Ya aro kujerun coci, ya gayyaci mai unguwa, ya gayyaci Madam Hannah duba-gari don ta yaba da bakinta, hukuma ta ji. A ransa ya gama shirya cewa a gaban taron nan Saloma za ta ba shi amsa. Wace mace ce za a yi wa tafki ta ce tana dubawa?

Jama'a suka cika, don Rikoto ba a ƙin kallon kyauta. Kofur ya sha guga, ya aro takalmi. Ya fara jawabi daga Laberiya, bai kai ga Zuru ba sai iska ta juyo daga gurbin. Mai unguwa ya ja hularsa ya toshe hanci. Madam Hannah ta tashi, ta bi lambatun da ƙafa har sama, ta dawo tana share zufa.

"Baba Kofur, wa ya cire ciyawar nan?"

Ya gyara tsayuwa. "Ga shi a gabanki. Ba sai kin gode ba, 'yata, aikinmu ne."

"Baba, ka san aikin da take yi?"

"Na sani mana. Ɓoye macizai da yankan ƙafar mata."

"Ita ce matatar ruwan nan. In ya shiga cikinta sai ta rage masa gudu, laka da dauɗa su kwanta. Jini da ruwan kwata da kake gani, su ne abincinta, saiwarta take tsotsewa ta yi girma da su. Mai da kumfa su maƙale a jikinta, ƙananan halittun da ke zaune a saiwar su yi ta cin su a hankali. Kafin ruwa ya fito nan ya sauke rabin kayansa ko fiye. Kai kuma ka kori masu aikin, ka shimfiɗa wa ƙazanta titi."

"Titi mai kyau kuwa," in ji Mode daga baya. "Ko gargada babu."

Aka fashe da dariya. Kofur ya ɗaga hannu.

"Karatun takarda ke nan. Mu da muka sha ruwan fadamar Laberiya da kada a ciki, za a koya mana ruwa? Wannan ruwan ko jariri ya sha sai dai ya yi ƙiba."

"To ga moɗa," in ji Kulu, ta miƙo. Ashe da ita ta zo.

Kofur ya dubi moɗa, ya dubi gurbin, inda wani abu mai kama da hanjin akuya yake kewaye allon sunansa. Ya ce ai soja ba ya shan ruwa a bakin aiki, doka ce.

"Ba komai, ci ba ya cikin dokar," in ji wata murya.

Saloma ce. Tun ɗazu tana zaune a baya da kwano a cinya, ba ta yi dariya ko sau ɗaya ba. Ta taso ta buɗe kwanon a gabansa, tuwon dawa da miyar kuka.

"Tun da ka yi mini tafki, ni ma na yi maka miya. Da sabuwar daddawa."

Zuciyar Kofur ta yi fari. A gaban mai unguwa, mace ta kawo maka tuwo da hannunta, ai magana ta ƙare. Ya wanke hannu da ruwan jarka, ba na tafkinsa ba, ya yanko loma ya kai baki. Ya tauna sau ɗaya. Fuskarsa ta tattare. Bakin Kofur ya iya ƙarya, amma harshensa bai taɓa koyo ba.

"Kai! Wa ya kashe miyar nan? Akwai baƙin mai a ciki! Ga sabulu, ga ƙarnin jini, ga wani abu mai ɗaci kamar bula! Ni da na ƙare ƙuruciyata ina dafa wa hafsoshi abinci, tun daga yankan albasa har na zama shugaban kicin, ko a sansanin gudun hijira ban taɓa..."

Ya tsaya. Wurin ya yi tsit, har ana jin ruwa yana fareti a lambatu.

"Shugaban mi?" in ji Mode.

"Gadar fa?" in ji Kulu. "Ko da ludayi aka gina ta?"

Tsofaffin sojoji suka riƙe ciki. Ɗaya ya zame daga kujerar coci yana cewa shekara da shekaru yana faɗa ba a yarda ba. Mai unguwa ya yi ta tari a cikin hula. Kofur yana tsaye da sauran loma a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta, ya rasa inda zai ajiye idonsa.

Saloma ba ta ɗaga murya ba.

"Daddawar nan an dawo mini da ita daga kasuwa, Kofur. Matar da ta saba saya tun ina amarya ta tambaye ni ko na fara haɗawa da kwalta. Sunana ke nan, shi kaɗai nake da shi. Da farfesun nan naka ka dafa ka kawo mini, ka ce ga abin da ka iya, da tuni na gama dubawa."

Wannan ta fi dariyar zafi. Kofur ya ji ta har ƙashinsa, ya buɗe baki, karo na farko a tarihin Rikoto ba abin da ya fito.

"Kana son amsa," ta ci gaba. "Ubana ya rasu, ba gonar da za ka nome masa. Gonata ita ce fadamar nan. Ka mai da kacalla inda ka same ta, da kainuwa, da bado. Ka rushe titin nan, ka mayar wa ruwa kwane-kwanensa. Ranar da na hango tsakuwa a ƙasan gurbin nan, shanun Mode kuma suka sha, ka zo ka ji."

Kofur ya juya wajen Madam Hannah, murya ƙasa-ƙasa. "'Yata, kamar sati nawa ciyawar take yi?"

"Sati? Baba, ka dai roƙi Allah damina ta yi kyau. In ta kama bana, wataƙila baɗi."

"Golmo!" Kulu ta rangaɗa guɗa. "Jama'a, Kofur ya shiga golmo!"

Yanzu in ka bi ta ƙasan Rikoto da hantsi, za ka ga wani gajeren dattijo cikin laka har gwiwa, ya duƙa, yana dasa ciyawar da kowa yake cirewa a gonarsa. Daga wata fadama mai nisa yake ɗauko saiwar a ka. Samari a kan babura sukan rage gudu su ce, "Sannu ɗan golmo, a gai da surukai!" Yakan ce musu wannan kashi na biyu ne na ofareshin, tun farko haka aka tsara. Ba ya dai ambaton Laberiya.

Saloma takan wuce ta tudu da kwandon kalwa, za ta famfo mai nisa. Ba ta tsayawa, amma takan ɗan saci kallon gurbin. Da ta wuce sai Kofur ya leƙa shi ma, ya nemi tsakuwa bai gani ba, ya juya kan ruwan da ke gangarowa daga gari, ya ɗaga hannu biyu yana lallashi.

"A hankali, don Allah. A hankali. Wa ya ce ka yi sauri?"